DARASI A KAN KHIDIMAR BAYIN ALLAH

Bismillahir Rahmanir Rahim. Tsira da aminci su tabbata ga Shugabanmu Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, na tsara waɗannan baitoci domin 'yan'uwa muridai da ke aikin taimakon jama'a, a asibiti, ko gidan marayu, ko wurin rabon abinci:

Ya mai wuridi, in ka idar da lazimi,
Leƙa maƙwabci, ko da tuwo ya kwana.
Hannun da ke jan carbi shi ke bayarwa,
Kar ka raba zikiri da jinƙai, ɗan'uwana.
Rufa asirin wanda ka bai wa sadaka,
Allah Ya rufa naka a babbar rana.

Sharhin baiti na farko. Ka sani, ya ɗan'uwa, Allah Ya yi maka rahama, Suratul Ma'un ta haɗa mai tunkuɗe maraya da mai sakaci da salla a zargi guda. Sayyidina Umar, a shekarar fari ta 18 bayan Hijira, ya haramta wa kansa man shanu har sai jama'a sun samu. To, ina uzurin muridi?

Sharhin baiti na biyu. Bayarwa tana da ƙa'ida. Aya ta 60 ta Suratut Tauba ta ƙayyade jinsi 8 na masu karɓar zakka. Hatsin da ruwan sama ya shayar, idan ya kai nisabi, ana fitar da 1 bisa 10. Kuɗi kuwa 1 bisa 40. Wanda aka damƙa wa rabo, amana ce a wuyansa. Kada ya fifita ɗan ɗariƙarsa, ko ɗan garinsu, domin yunwa ba ta tambayar wuridin mutum. Kada kuma ya ce wa majinyaci rubutu ya ishe shi: a yi masa addu'a, a kai shi wurin likita. A Kiyota, cikin jihar Dosso, Sayyida Ummul Khairi, ɗiyar Shehu Ibrahim Inyas, ta kafa makarantu da ƙungiyar mata, ta haɗa musu karatu da sana'a. Wannan shi ne tafarkin.

Sharhin baiti na uku. Nan ne wurin zamewa. Mai wannan aiki yana jin abin da ba kowa ke ji ba: bashin magidanci, ciwon da ake ɓoyewa, matar da miji ya gudu ya bari. Idan ya fitar da shi a majalisa, ko ya ɗauki hoton mabuƙaci yana yaɗawa, ya karɓe masa mutunci a madadin mudun gero. Gori da cutarwa suna ɓata sadaka, kamar yadda Suratul Baƙara ta yi gargaɗi.

Ina yi maka wasiyya, ni da kai: ka gyara niyya kafin ka fita, ka yi istigfari in ka dawo. Idan zuciya ta gaji da kukan mutane, ka koma wazifa cikin 'yan'uwa.

Allah Ya sa mu cikin masu jinƙai. Wallahu a'alamu.