Amsoshin Tambayoyinku: Akwatin ajiyata ya cika, yaya zan canza faifai ba tare da na yi asara ba?

Tambaya: Ni mai ɗaukar hoto da bidiyon bukukuwa ne a Zariya. Ina da na'urar ajiya ta Synology mai ramuka biyu, kowane rami da faifai na TB 4, kuma ta kusa cika. Ina so in sa na TB 8 guda biyu. Zan iya cire tsofaffin in zura sababbin a lokaci ɗaya? Aikin mutane ne a ciki, tsoro nake ji.

Amsa: Tsoronka yana kan hanya, domin bidiyon ɗaurin aure ba a sake ɗaukarsa. Kada ka cire su tare. In ka yi haka, na'urar za ta tashi fanko, babu inda za ta ɗebo kayanka.

Mu fara da yadda faifan biyu suke zaune. Yawanci irin wannan na'ura tana kan tsarin RAID 1, ko SHR na kamfanin Synology, wato duk abin da aka rubuta a faifai ɗaya ana rubuta shi a ɗayan. Shi ya sa ka sayi TB 8 amma wurin da kake gani bai kai TB 4 ba. Shiga Storage Manager ka tabbatar da wannan tukuna. In ka tarar RAID 0 ne ko JBOD, to dakata nan, domin cire faifai ɗaya a waɗannan tsare-tsare yana nufin asarar kaya, kuma hanyar da zan faɗa ba ta shafe ka ba. Mai irin wannan sai dai ya kwashe komai waje, ya gina sabon tsari, ya mayar.

Kafin ka taɓa ko ƙusa ɗaya, kwafe abin da ba ka iya rasawa zuwa wani faifai na waje, ka buɗe wasu fayiloli daga cikin kwafin ka ga suna aiki, sannan ka zare shi ka ajiye. Mutane da yawa suna ɗauka RAID 1 ya ishe su kwafin ajiya. Bai isa ba: in ka goge abu bisa kuskure, daga faifan biyu ya gogu nan take.

Ga inda haɗarin yake. Da zarar ka cire tsohon faifai ɗaya ka sa sabo, duk dukiyarka ta koma kan tsoho ɗaya tilo, kuma na'urar za ta tilasta masa karanta kansa daga farko har ƙarshe don ta cika sabon. Kamar canza azarar soro ne alhali iyali suna ciki: wadda ta rage ita ke ɗauke da rufin gaba ɗaya. Faifai biyun da aka saya rana ɗaya, suka yi aiki shekaru tare, sukan tsufa tare, don haka a wannan lokacin ne mai rauni yake nuna rauninsa. Saboda haka ka yi wa tsofaffin cikakken gwajin lafiya na SMART, ka kuma kunna Data Scrubbing ya kammala in na'urarka ta ba da damar hakan. Wanda ya nuna alamar lalacewa, shi za ka fara cirewa, ka bar mai lafiya ya ɗauki nauyin. Duba lambar da ke jikin faifan ka gwada da ta kan allo, kada ka zaro wanda ba shi ba.

Daga nan aikin ba shi da wuya. In na'urarka ba ta yarda a canza faifai tana kunne ba, kashe ta. Sa sabo ɗaya, kunna, za ta yi ƙara ta ce tsarin ya raunana, ka danna Repair. Duk abin da ke kan sabon faifan za a shafe shi. Sai jira, sa'o'i masu yawa, wani lokacin ya wuce kwana guda. Sai ta nuna lafiya lau sannan ka canza na biyu, ka sake jira. Wuri ba zai ƙaru ba sai bayan na biyun ya gama, kuma za ka ga kusan TB 7.3 ne maimakon 8, saboda bambancin lissafin masu ƙera faifai da na kwamfuta. Ba cutarka aka yi ba.

Maganar wuta kuwa, a wurinmu ita ce babba. Kada ka fara wannan aiki sai na'urar tana kan UPS ko inbata mai batirin da zai riƙe ta. In UPS ɗin yana da igiyar USB, haɗa su, don na'urar ta tsayar da aiki cikin tsari idan batiri ya yi ƙasa. Ka kuma kakkaɓe ƙurar fanka, ka ajiye ta inda iska ke ratsawa, musamman a zafin Afrilu, ka kuma rage ɗora mata aiki har ta gama.

Wajen saye, nemi faifai mai tsarin CMR, ka guji SMR, wanda yakan yi nauyin jiki sosai lokacin sake gini. A 2020 an gano cewa Western Digital ya sa SMR a wasu faifan WD Red na TB 2 zuwa 6, bayan ƙorafi kuma ya fito da WD Red Plus mai CMR. IronWolf na Seagate ma CMR ne. Duba jerin faifan da Synology ya amince da su ga samfurin na'urarka. Kuma tun da kasuwa ba ta rasa tsohon kaya cikin sabon kwali, gwada sabon faifan da cikakken SMART, ka duba awannin da ya yi aiki, kafin ka damƙa masa amanar mutane.

Tsofaffin biyun kada ka yi saurin sayar da su ko goge su. Ajiye su wata guda aƙalla. In komai ya daidaita, sayi gidan USB ka mayar da mai lafiya a cikinsu faifan kwafi, ka ajiye shi a wani gida dabam da shagonka.