Darasi na 17: Gilashin agogon ƙaramar mota

A birnin Abijan akwai motoci iri-iri. A tashar Adjamé ana ganin gbaka cike da fasinja. A Treichville ana ganin bas-bas na kamfanin SOTRA, wanda aka kafa a 1960. Suna ƙetare ruwan Ébrié ta kan gadar Houphouët-Boigny, wadda aka buɗe a 1957. Yaran unguwannin nan suna kallon motocin, su koma gida su ƙera nasu da gwangwani da waya. Tsohon silifa shi ne taya.

A gaban kowane direba akwai agogo mai nuna gudun mota. Allurarsa tana nuna kilomita nawa motar take ci a awa ɗaya. Direban da ba ya ganin allurar nan ba ya sanin iyakar gudunsa, yana iya jawo hatsari. Shi ya sa ake rufe agogon da gilashi garau. Gilashin yana tare ƙura, amma ba ya tare haske. Yau za mu yi wa ƙaramar motarmu irin wannan agogo.

Kayan aiki

Gorar ruwa ta roba marar launi, farar takarda, kwali, almakashi, biro, tsinke, ƙyalle mai laushi, da farin gam na kafinta. In babu gam, a jiƙa ƙaro cikin ruwa kaɗan. Sai kuɗi biyu: dala ɗaya da dala biyar. Faɗin dala ɗaya santimita 2 ne. Dala biyar ta fi ta faɗi.

Yadda ake yi

1. Ku ɗora dala biyar a kan takarda, ku zagaye ta da biro. Ku sa dala ɗaya a tsakiya, ku zagaye ta ita ma. Yanzu kuna da da'ira biyu, ƙarama cikin babba.

2. Cikin ƙaramar da'ira ku rubuta 0, 20, 40, 60, 80, 100. Ku zana allura da jan biro.

3. Ku yanke babbar da'irar, ku manna ta a kan kwali.

4. Ku wanke gora da sabulu, ku bar ta ta bushe. Ku nemi inda robar take sumul, babu tudu babu rubutu. Ku roƙi malam ko wani babba ya huda muku ita.

5. Ku zagaye dala biyar a kan robar, ku yanke. In ta lanƙwashe, ku danne ta da littattafai ta kwana.

6. Ku goge ta da ƙyalle, ku riƙe ta ta gefe. Yatsa yana barin maiƙo.

7. Da tsinke ku ɗiga gam sau huɗu tsakanin da'irori biyun. Ku ɗora robar a hankali. Kada ku taɓa ta sai gobe.

Me ya sa wani gilashin yake yin hazo?

Haske yana bi ta cikin roba ya kai ga lambobi, ya dawo idanunmu. In robar ta karce, hasken yana watsewa, lambobin su dushe. Saboda haka ba a goge ta da yashi ko toka. Gam mai kamawa nan take shi ma yana ɓata ta, domin tururinsa yana barin farin tabo. Farin gam kuwa fari ne yana ɗanye, amma yana washewa in ya bushe. Mai gaggawa shi yake yin aiki sau biyu.

Ku yi hattara

Bakin gwangwani yana da kaifi. Wanda ya yanke ya wanke wurin da ruwa da sabulu, ya gaya wa babba nan da nan. Kada ku sa roba a wuta, hayaƙinta yana cutar da huhu. Ragowar roba a kwandon shara ake zuba ta. In ta shiga kwata tana toshe hanyar ruwa, da damina ruwa ya shiga gidaje.

Kalmomi

agogon gudun mota: le compteur de vitesse
allura: l'aiguille
da'ira: le cercle
gam: la colle
garau: transparent

Tambayoyi

1. Mene ne amfanin agogon da yake gaban direba?
2. Don me ake riƙe robar ta gefe?
3. Wane gam ne yake barin farin tabo?
4. Shekara nawa ne tsakanin buɗe gadar Houphouët-Boigny da kafa SOTRA?

Aikin gida

Ku ɗiga ruwa ɗigo ɗaya a kan ragowar roba, ku ɗora ta a kan rubutun littafinku. Haruffan sun ƙara girma ko sun ragu? Ku rubuta amsa da Hausa da Faransanci.