Darasi Kan Zaɓen Ƙarafan Ƙafar Baya Masu Saiti a Motar Tsere

Duk wanda ya nazarci gwiwar ɗan Adam ya san ƙashi kaɗai ba ya tafiya. Sai da jijiya mai riƙe shi a muhallinsa, da guringuntsi mai hana gogayya, da tsoka mai shanye nauyi. Haka ƙafar mota take: sifirin yana ɗaukar nauyi, mashanyin girgiza yana mai da ƙarfin tsalle ya zama zafi a cikin mai, ƙarafa kuma suna riƙe aksul. Idan aka ƙara wa inji ƙarfi, ko aka rage wa mota tsayi, to an sauya ma'aunin da injiniyoyi suka tsara, kuma dole a maido da shi. Amfanin ƙarafa masu saiti ke nan, wato waɗanda ake iya ƙara tsawonsu ko a rage.

Bari mu ɗauki Ford Mustang ta Amurka, ƙirar 2005 zuwa 2014. Tayoyinta na baya suna haɗe da aksul guda, wanda hannuwa uku ke riƙewa, biyu a ƙasa ɗaya a sama, tare da sandar Panhard, mai ɗauke da sunan wani kamfanin motoci na Faransa. Daga ƙirar 2015 ne kowace taya ta baya ta sami motsin kanta.

Na farko, sandar Panhard. Tana kwance a gicciye, kai ɗaya a jikin mota, ɗayan a aksul, don hana aksul zamewa gefe. Tun da tsawonta ba ya canzawa, kanta yana tafiya ne bisa baka. A ƙaddara sandar santimita 100 ce, kuma a miƙe take. In kai ɗaya ya sauka da santimita 10, lissafin Faisagoras ya nuna aksul zai gusa gefe da kimanin milimita 5. Ga mai faffaɗar taya, wannan kaɗai na iya sa roba ta riƙa gugar jikin mota. Sanda mai saiti ita ke maido da aksul tsakiya.

Na biyu, hannun sama. Shi ke ƙayyade kusurwar da farfela ke haɗuwa da aksul. Gaɓar farfela in ta lanƙwashe, juyinta ba ya tafiya bai ɗaya, sai ya riƙa sauri da sassautawa sau biyu a kowane zagaye. Sakamakon haka shi ne rawar mota da saurin cinyewar gaɓar. Da hannu mai saiti ake gyara kusurwar.

Na uku, hannuwan ƙasa. Su ke miƙa turin taya ga jikin mota. In mota ta sauka har suka karkace, ko robarsu ta yi laushi, taya takan yi tsalle-tsalle wajen fizga, abin da ke iya karya ƙarfe.

Sai batun bushin, wanda shi ne guringuntsin mota. Na roba yana da shiru da taushi, amma yana lanƙwashewa. Na foliyuretan ya fi tauri, sai dai yakan yi ƙara in ba a sa masa giris ba. Na ƙwallon ƙarfe ba ya lanƙwashewa ko kaɗan, amma yana isar da kowace girgiza ga direba, kuma ƙura da ruwa na cinye shi da wuri. Don haka ya fi dacewa da filin tsere, ba titin yau da kullum ba.

Saboda haka, mai karatu, kafin saye a auna: nawa mota ta sauka, ina aksul ya gusa, kuma a ina za a tuƙa ta? A sayi abin da awo ya nuna bukatarsa kawai. Bayan ɗaurawa, a ƙarasa matse notin bushin roba mota na tsaye a kan tayoyinta, a kai ta saitin ƙafa, a kuma riƙa duba notin makulli lokaci-lokaci. Noti ɗaya da ya kwance ana cikin gudu ya isa ya karkatar da bayan mota, kuma rai ba shi da safaya.