Zuciyarta lafiya lau, amma kullum tana jiran mutuwa

Wata malamar firamare aka kawo mini, mijinta riƙe da leda cike da kwalayen magani da takardun gwaji. Mahaifinta ne ya yanke jiki ya faɗi a masallaci, kafin a kai shi asibiti rai ya yi halinsa, aka ce zuciya ce. Bayan sadakar arba'in, wani dare ta ji ƙirjinta na dukan uku-uku, numfashi ya ƙi isa, gumi ya karyo, yatsu kamar ana tsira musu allura. Ta tashi mijin ta ce ya yafe mata, tafiya ta zo.

Mai kemis ya ce taifot ce, ya yi allurai, ya ɗaura ruwa. Abin ya dawo. Wani ya ce olsa ce ta taɓa zuciya (har yau ina neman littafin da ya karanta wannan). Aka yi hayaƙi, aka yi ruƙiyya. Ba ni da ja da addu'a, ni ma ina yi. Wanda ya ƙona mini rai shi ne mai kemis na uku, da ya sayar mata da Valium ba takardar likita, ya kuma sa mijin ya sayo na'urar awon jini. Daga nan aikinta ke nan: ta auna, ta ga ya ɗan hau, gabanta ya faɗi, ta sake aunawa, ta ga ya ƙara hawa. Ta daina hawa bene, ta daina zuwa kasuwa, ta ajiye koyarwa. Ko shara ba ta yi, don kada zuciyar ta buga. Dangin miji suka ce son jiki ne.

Da muka yi gwaji, ECG lafiya. Jini isasshe, suga daidai, tayirod daidai. Ciwon firgici ne, ga kuma sabo da ƙwaya da aka ɗora mata a kai.

Ba ƙarya take yi ba. Duk abin da ta ce tana ji, tana jin sa. Zuciya da huhu da hanji ba sa daina aika rahoto sama, kuma kusan kashi 80 cikin 100 na zaren jijiyar begas daga jiki suke kai saƙo ƙwaƙwalwa, ba daga ƙwaƙwalwa zuwa jiki ba. Sashen ƙwaƙwalwa da ake kira insula ke tattara rahoton, a haɗa shi da abin da mutum ya taɓa gani da abin da yake tsoro, sannan a yanke hukunci. Yawancinmu bugun zuciya na wucewa ba mu sani ba. Ita kuwa tun ranar da aka ɗauki gawar mahaifinta, ƙwaƙwalwarta ta zama maigadin da aka taɓa yi wa sata: ko mage ce ta taka kwano sai ya busa usur. Tun 1986 masani David Clark a Ingila ya bayyana wannan zagaye: ka ji motsi a jiki, ka fassara shi da mutuwa, tsoro ya ƙara motsin, fassarar ta samu hujja. Saurin numfashi kuma ya zubar da iskar kabon, shi ne jirin da tsirar yatsun.

Jiki bai yi ƙarya ba. Fassarar ce ta karkace. Ledar ruwa ba ta gyara fassara.

Abin da muka yi ya ba mijin mamaki. Na sa ta hau bene da gudu a gabana, na sa ta yi numfashi da sauri da gangan har jirin ya zo, ta tsaya ta ga ya wuce da kansa. Na karɓe na'urar. Ƙwayar kuma a hankali muka riƙa ragewa, da wahala, kuka da rashin barci, duk saboda wani ya ga ciniki.

Ku daina ce wa irin waɗannan mutane “babu abin da ke damunki”. Har wasu abokan aikinmu na faɗin haka da zarar gwaji ya fito lafiya, sai mara lafiya ya koma wurin mai kemis, don shi aƙalla ya ba ciwon suna. Amma ciwon ƙirji na farko, musamman ga mai shekaru, mai suga ko hawan jini, asibiti ake nufa nan take, kada wani ya karanta wannan ya ce firgici ne. Goro, kofi da lemukan ƙara kuzari suna tada bugun. Tiramol ma haka. Masu kemis, don Allah ku daina ɗaura ruwa a shago. Ku daina. Akwai asibitin ƙwaƙwalwa na Dawanau a Kano, akwai Barnawa a Kaduna, Kware a Sakkwato, da na Maiduguri, kuma zuwa can ba ya nufin hauka.

Wanda kuma ya riga ya saba da Valium, kada ya yanke ta rana ɗaya don ya ji na zage ta. Yankewar gaggawa na iya jawo jijjiga irin ta farfaɗiya. Ya kawo kwalin, mu ga nawa yake sha, mu tsara ragewa.