Labarin Helen Keller a Dandalin Makaranta

Tambaya: Malamar firamare ce ni. Wane wasan kwaikwayo zan shirya wa ɗalibaina kan juriya da nakasa?

Amsa: Malama, ki ɗauki tarihin Helen Keller ta Amurka, wadda ta makance ta kurmance tana 'yar wata 19. A 1887 malamarta, Anne Sullivan, ta kai ta bakin famfo, ruwa na zuba a hannunta, tana rubuta mata sunansa da yatsa a ɗaya tafin, har ta gane. Nan za ki fi daɗewa. Ki nuna fushin yarinyar da haƙurin malamar, kada yara su tashi da tausayi kawai. A 1904 Helen ta samu digiri. In akwai makaho ko kurma a ajinki, ki nemi shawararsa, ki ba shi rawar takawa.