Darasi: Tsayawa Da Kanka A Kotu Domin Sāke Riƙon Yaro

Idan aure ya mutu, kotu takan faɗi wanda zai riƙe yara. Amma yaro yana girma, zaman mutane kuma yana juyawa. Saboda haka uba ko uwa suna iya komawa su roƙi alƙali ya sāke hukuncin. Kuɗin lauya ya fi ƙarfin yawancinmu, amma doka ba ta hana mutum ya yi magana da bakinsa ba.

Abin da alƙali yake dubawa

A Nijeriya, Dokar Shari'un Aure ta 1970, sashi na 71, ta sa amfanin yaro gaba da kome. Haka kuma Dokar Haƙƙin Yara ta 2003, wadda yawancin jihohi suka kafa irinta. Sadakin da ka biya ba hujja ba ne, zafin zuciyarka ma ba hujja ba ne. Alƙali yana so ya ji: ina yaron zai kwana, me zai ci, wace makaranta, wa zai kai shi asibiti?

Sai ka nuna abin da ya sāke tun daga ranar hukunci. Misali, an ba uba ɗa, sai uban ya tafi cin rani ya bar shi, aka fitar da shi daga makaranta yana kiwo. Wannan sabuwar magana ce. In kuwa cewa kake yi alƙali ya yi kuskure tun farko, wannan ɗaukaka ƙara ke nan, tana da iyakar kwanaki.

Matakai

1. Koma kotun da ta yanke hukuncin. Auren rajista na Babbar Kotu ne, auren al'ada kuwa na kotun gargajiya ko kotun yanki.

2. Roƙi rajistara ya ba ka kofin hukuncin mai hatimi. Duk abin da ka biya, karɓi rasit.

3. Shigar da roƙonka. A Babbar Kotu ana haɗa shi da takardar rantsuwa. Kada ka sa hannu ko dangwale sai an karanta maka ka gane. Rantsuwar ƙarya laifi ce.

4. Tabbata an kai wa ɗaya ɓangaren sammaci. In bai samu ba, shari'a ba za ta ci gaba ba.

5. Tara shaida: katin asibiti, sakamakon makaranta, da mutanen da suka gani da idonsu. "An ce" ba shaida ba ce.

Ranar shari'a

Je da wuri. Tashi tsaye in za ka yi magana, ka fuskanci alƙali. In ba ka jin Turanci, roƙi tafinta. Faɗi abu bi da bi, da wata da shekara. Kada ka katse wani, za a ba ka dama ka yi wa shaidunsa tambaya. Ban da zagi, gama wanda kake zagi uban ɗanka ne ko uwarsa.

Gargaɗi

Tsohon hukunci yana nan da ƙarfinsa har a sāke shi. Wanda ya ƙwace yaro da kansa ya raina kotu, ya kuma ɓata ƙararsa. Kada ka koya wa yaro abin da zai faɗa. In kun shirya a gaban dattawa, ku kai shirin kotu a rubuta. In magana ta yi nauyi, nemi Hukumar Taimakon Shari'a, wadda aka kafa a 1976, ko ofishin jin daɗin jama'a.

Tambayoyi domin taron ƙungiya

1. Me ya bambanta ɗaukaka ƙara da roƙon sāke hukunci?

2. In ranar shari'ar ɗan'uwa ta faɗo tsakiyar damina, wa zai yi masa gayya?

3. Wa ya iya karatu a cikinmu da zai raka shi kotu?