Darasin Direbobi: Yadda Ake Gane Makunnin Fitilar Mota Ya Lalace

Tun da aka gama madatsar ruwa ta Tiga a 1974, noman rani ya bunƙasa a Kura da Bunkure da Kadawa. Lokacin tumatir, direbobin Dawakin Kudu da kewaye ba su da hutu. Sukan yi lodi a gona ko a Kwanar Gafan, su kama hanya da dare ko da asuba.

Da yawa daga cikin motocin nan tsofaffi ne. Akwai akori-kura irin su Peugeot 404 da 504, waɗanda suka yawaita bayan an buɗe masana'antar haɗa motoci a Kaduna a 1975. Idan fitilar irin wannan mota ta ɗauke a kan titin Kano zuwa Zariya, rai da dukiya suna cikin haɗari.

Me ke lalata makunni?

A yawancin tsofaffin motoci, duk wutar da fitilun gaba ke sha ta cikin makunni take bi. Ƙwai biyu masu wat 55 suna jan wuta kusan amfiya 10 daga batir mai bolt 12. A cikin makunnin akwai 'yan ƙarafa da ke haɗuwa idan an kunna. Shekaru suna cinye su. Ƙurar hunturu da tsatsa suna rufe su. Daga nan sai su riƙa zafi har robar ta narke. Wasu direbobi kuma sukan sa ƙwai mai wat 100 don neman haske. Wannan yana saurin ƙona makunni.

Alamomin lalacewa

1. Fitilu biyu suna ɗaukewa tare, su dawo tare.
2. Idan an jijjiga makunni, haske yana rawa.
3. Makunni yana zafi, ko ana jin ƙaurin roba.
4. Dogon haske yana kamawa, gajere ba ya kamawa a duka gefe biyu.

Idan fitila ɗaya ce kawai ta mutu, da wuya laifin makunni ne. A duba ƙwai da wayarsa.

Bincike daki-daki

Kada a yi saurin sayen sabon makunni. A fara da abin da ya fi sauƙi.

Na farko, a duba batir. A danna ham. Idan ya yi ƙara sosai, akwai wuta.

Na biyu, a duba fis, idan motar tana da fis na fitila. Wanda ya ƙone za a ga zarensa ya tsinke.

Na uku, a cire ƙwai a duba zaren cikinsu. Wani lokaci zaren gajeren haske yakan ƙone a duka biyun.

Na huɗu, a duba wayar da aka ɗaure a jikin ƙarfen mota kusa da fitila. Ta nan wuta ke komawa batir. Idan ta yi tsatsa, haske yakan dushe. A kankare wurin, a ƙara ɗaurewa.

Na biyar, a gwada makunni da fitilar gwaji. Wannan ƙaramin ƙwai ne mai waya da tsinke. A maƙala wayar a jikin ƙarfen mota. A taɓa tsinken a wayar da ke kawo wuta cikin makunni. Idan ƙwan ya kama, wuta ta iso. Sai a kunna makunni, a taɓa wayar da ke fita zuwa fitilu. Idan bai kama ba, wuta ta shiga amma ba ta fito ba. To, makunni ne ya mutu.

Gargaɗi

Kafin a kwance makunni, a cire kan batir mai alamar ragewa. Kada a maye gurbin fis da waya ko takardar kwalin sigari. Fis yana ƙonewa ne don ya ceci mota daga gobara. Kada kuma a tsallake makunni a murɗe wayoyi biyu da hannu.

Idan an sa sabon makunni, yana da kyau mai wayarin ya sa wa fitilu rile. Shi zai ɗauki nauyin wutar, makunni ya huta, haske ya ƙaru.

Rigakafi ya fi magani. Direba ya gwada fitilunsa tun da rana, kafin a yi lodi.

Tambayoyi

1. Faɗi alamomi biyu na lalacewar makunni.
2. Idan fitila ɗaya ce ta mutu, me za a fara dubawa?
3. Me ya sa ba a maye gurbin fis da waya?